Ajiya Maganin Wata Rana

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Ni dai na ga gaskiyar wannan magana a wurin koyon harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972.

Aikin da Malam ya ba ni shi ne rubuta manhajar da za ta riƙe sunaye da makin 'yan ajinmu, mu 40. To, ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta kamar allo take: da an ɗauke wuta, an wanke ta ke nan. Saboda haka tilas a kwashe kome a zuba cikin fayil.

Abu biyu nake aiki da su, jeri da manuni. Jeri shi ne gurabe a layi kamar rumfunan kasuwa, kowane da lambarsa. A C daga sifiri ake fara ƙirga, wato gurabenmu daga 0 ne zuwa 39. Shi kuwa manuni ba ya ɗauke da kaya, sai adireshin inda kayan suke.

In zan yi ajiya, nakan fara rubuta yawan ɗalibai. Sa'an nan in ba fwrite manuni zuwa farkon jerin, da girman gurbi ɗaya, da yawan gurabe, da fayil ɗin. Ran ɗaukowa sai in karanta yawan tukuna, in nemi fili da malloc, fread ta cika shi. Kullum nakan duba ko 40 ɗin sun dawo cif.

Amma fa akwai tarko. In gurbin ɗalibi manuni ne kawai zuwa sunansa, adireshin za a ajiye, ba sunan ba. Kamar mutum ne ya rubuta cewa buhun geronsa yana cikin mota ta uku a tasha. Gobe in ya komo, wata motar ce a wurin! Haka kwamfuta takan sake wa manhaja mazauni. Don haka nakan rubuta tsawon sunan, sa'an nan haruffansa duka.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In sunan wani ya salwanta, ko makinsa ya hau kan wani, me za a gaya wa iyayensa? Maki amana ne. Mu ajiye kayan, kada mu ajiye kwatance. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.