Ƙibar Da Kaka Ta Kawo

Rahoton farko da na rubuta a aikin lafiya ya isa ya ɓatar da duk wanda ya karanta shi, alhali ban ƙaga lamba ko ɗaya ba.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni awon yara a ƙauyukan da ke tsakanin Agye da Gazawa, inda ake raba ƙarin abinci na rigakafin tamowa. Mun fara a watan Agusta, tsakiyar damina, rumbu ya kai ƙasa, uwa na gona tun da safe, zawo da zazzaɓi sun sa yara gaba. Sai mu rataya sikeli a reshen bedi, mu zura yaro cikin ɗan wandon awo, yana tsala ihu yana harbin iska, allurar sikeli na rawa, ka jira ta tsaya kafin ka rubuta. Da muka koma a Disamba yara sun yi kumatu, awon damtse ya bar ja ya koma kore. Na haɗa lissafi, na rubuta cewa abincinmu ne ya yi wannan aiki, ina ta jin kaina.

Shugabarmu, wata dattijuwar malamar asibiti, ta karanta ta ajiye.

"Ɗana, ƙauyen da ba a kai wa komai ba, yaransu nawa suka ƙaru?"

"Hajiya, ai ba mu auna su ba."

"To je ka tambayi ungozoma, wane yaro ne ba ya murmurewa in an yanke gero da wake?"

Ta buɗe rajista, ta bi da yatsa kan layukan da babu awo na biyu. Wasu sun bi iyayensu cin rani, wasu suna kwance asibiti, wasu Allah ya yi musu rasuwa. Duk na cire su, don ba ni da lambar da zan sa a gurbinsu. Ashe mafi rauni na zubar, na auna waɗanda suka tsira, na kira shi nasara.

Abin kunyar, a jihar tamu ta Maraɗi aka riga aka nuna yadda ake yi. A 2006, shekara guda bayan yunwar 2005, Sheila Isanaka da masu bincike na cibiyar Epicentre da ƙungiyar likitoci ta MSF suka ɗauki ƙauyuka 12, suka jefa ƙuri'a: shida a ba yaransu ƙunshin abincin gyaɗa ɗaya kullum har wata uku, shida kuma a bi su da awo kawai. Yara 3,533 aka bi. Ƙauye suka jefa wa ƙuri'a maimakon yaro, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san dalili: ba uwar da za ta ba ɗa guda ta bar ɗan kishiya yana kallo. Kaka ta sauka wa ƙauyukan gaba ɗaya, don haka bambancin da ya rage na abincin ne. Sakamakon da mujallar JAMA ta buga a 2009 ya nuna ramewa ta ragu da kashi 36 cikin ɗari, mai tsanani kuma da kashi 58. A kan mace-mace ba su ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba, haka kuma suka rubuta. Wannan ya fi burge ni.

Ko babban rabon da MSF ta yi a gundumar Gidan Rumji a 2007, yara kusan 60,000 daga Mayu zuwa Oktoba, da yake na kowa da kowa ne, sai dai a gwada bana da bara. Bana da bara kuwa ba ruwa ɗaya suka sha ba, ba kuɗin tiyar gero ɗaya ba.

Na hau babur na koma ƙauyukanmu, gida gida, ina tambayar yaran da ba su dawo ba. Wata uwa ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura, sannan ta ce ɗanta ya koma tun kafin a gama girbi. A sabon rahoton kowane yaro ya samu layinsa da abin da ya same shi. Wurin da na rubuta abincin ya yi aiki, na goge, na sa cewa yaran da muka sake samu sun ƙaru tsakanin Agusta da Disamba, awonmu kuma bai isa ya ce me ya ƙara su ba.