Abin da Janar Zilmer Ya Nema a Anbar

A watan Yulin 2006, Manjo Janar Richard Zilmer, kwamandan dakarun ƙawance a lardin Anbar da ke yammacin Iraƙi, ya aika wa shugabanninsa takardar buƙata ta gaggawa. A lokacin babu lardin da ya fi Anbar zubar jinin sojan Amurka, don haka ana iya tsammanin zai nemi ƙarin dakaru ko motoci masu sulke. Farantan sola da injinan samar da lantarki daga iska ya nema.

Dalilinsa na soja ne tsantsa. Kowane ƙaramin sansani da ke ƙarƙashinsa yana rayuwa ne da janareta, kuma dizal ɗin da janareta ke sha sai an ɗauko shi a tanka, a bi da shi ta hanyoyin da mayaƙa suka binne bama-bamai. Hujjarsa ita ce muddin sansanonin suka rage shan mai, za a rage yawan ayarin da ke hawa hanya, kuma a rage mutanen da ake kashewa a cikinsu. Ba a biya masa buƙatar nan take ba, amma takardar ta zama abin da ake komawa gare shi duk lokacin da aka tada maganar makamashi a rundunar.

Alƙaluman da suka biyo baya sun gaskata shi. Wani nazari da cibiyar bincike ta sojan ƙasa na Amurka ta fitar a 2009 ya gano cewa a shekarar 2007, a cikin kowane ayarin mai 24 da ya tashi a Afganistan, ana samun mutum ɗaya da aka kashe ko aka jikkata. Wani babban kaso na man kuwa daga tashar jiragen ruwa ta Karaci yake tasowa, ya ratsa Pakistan, ya bi ta mashigar Khaibar ko ta Caman. Kafin ya isa sansanoni mafi nisa, in an haɗa kuɗin rakiya da na jirage masu saukar ungulu, galan ɗaya yana iya kaiwa dala 400. A ƙarshen 2011 Pakistan ta rufe waɗannan hanyoyi na tsawon wata bakwai, runduna mafi ƙarfi a duniya ta koma neman mafita ta ƙasashen tsakiyar Asiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar wannan runduna hanyar mai ce.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne inda man ke tafiya. Kwamitin masana kimiyya na ma'aikatar tsaro ya bayyana a 2008 cewa a lokacin yaƙi, janareta ce ta fi komai shan mai a filin daga na sojan ƙasa, ta fi tankokin yaƙi. Babban kason lantarkin kuma yana tafiya ne wajen sanyaya tantuna na tamfol da aka kafa a tsakiyar hamada, waɗanda ba sa riƙe sanyi. Direban tanka yana saka ransa a haɗari domin a hura sanyi cikin ɗakin da sanyin ke ficewa ta bangonsa. Da aka fara fesa wa tantunan kumfa mai hana zafi shiga, buƙatar man ta ragu ƙwarai.

A 2010 wani rukunin sojojin Marin ya tafi Sangin a lardin Helmand ɗauke da farantan sola, da fitilu masu ƙarancin cin wuta, da barguna masu cajin batir. Ƙananan sansanoni biyu sun koma aiki da hasken rana kaɗai, wani kuma ya rage man janaretarsa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Sojan da ke sintiri a ƙafa ya daina ɗaukar tulin batir na rediyo. Akwai kuma ribar da soja ya fi kowa sanin darajarta, wato shiru: janareta tana sanar da maƙiyi inda mutum yake, faranti kuwa ba ya ƙara.

Ɗaya ɓangaren matsalar a gida ya same su. A watan Oktoban 2018 guguwar Michael ta afka wa sansanin sojan sama na Tyndall a jihar Filorida, ta kwashe rufin rumfunan jirage, alhali akwai jiragen F-22 guda 17 da ba a iya fitar da su ba. Sake gina sansanin ya tasam ma dala biliyan 5. Bayan wata biyar, ambaliyar kogin Misuri ta mamaye wani sashe na sansanin Offutt a Nebraska, hedikwatar rundunar da ke kula da makaman nukiliyar ƙasar. A 2022 sojan ƙasa na Amurka ya fitar da tsarinsa na sauyin yanayi, wanda ya ƙuduri samar wa kowane sansani ƙaramar tashar lantarki mai cin gashin kanta kafin 2035.

Wannan tafarki yana da iyaka, kuma janar-janar sun san haka. Mafi yawan man da ma'aikatar tsaron Amurka ke ƙonawa na jiragen sama ne, kuma babu batirin da zai ɗaga jirgin yaƙi a yau, domin kilo ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau gommai. Sannan Sin ce ke tace mafi yawan ma'adinan da ake yin batir da su, don haka wanda ya tsere wa dogaro da mai yana iya faɗawa wani dogaron. Siyasa ma tana juya akala: a 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya ce batun sauyin yanayi ba aikin ma'aikatarsa ba ne, aka soke ayyukan bincike da dama. Sai dai lissafin Zilmer bai dogara da ra'ayin kowace gwamnati ba, tun da adadin tankokin da ke kan hanya yake ƙirgawa.

Lissafin yana aiki a yankin Tafkin Cadi kamar yadda ya yi a Anbar. Sansanonin sojan Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru a yankin suna nesa da layin lantarki, ana kai musu mai ne ta hanyoyin da ake dasa bama-bamai da yin kwanton ɓauna, a ƙasar da rana ke ƙwallewa kusan duk shekara. Jami'in da ke tsara kasafin irin wannan sansani yana iya fara da tambayar da Zilmer ya fara da ita: lita nawa janaretar ke sha a mako, kuma mutum nawa ne ke hawa hanya domin kawo ta.