Sufacaja a kan Hilux mai fulogi huɗu: inda lissafina ya tsaya

Wannan makon ni aka ba fili, kuma zan yi magana ne a kan abin da ya shafe wata takwas yana yawo a raina, wato ɗora wa a-kori-kura mai ƙaramin inji sufacaja.

Duk wanda ya taɓa riƙe Hilux mai shan fetur, mai fulogi huɗu, ya san halinta. Injin 2TR-FE ne, lita 2.7, ƙarfinsa wajen doki 160. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, sarƙa ce ke ja masa taimin, in dai kana canza masa baƙin mai a kan lokaci kai ne za ka gaji da shi. Matsalarsa ɗaya ce: in ka loda kaya ka fuskanci tudu, sai ya koma tafiyar jaki. Ni da ita nake ci da iyalina. Ina hawa Filato da taki da maganin feshi, in sauko da dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu. A Hawan Kibo, da buhunan taki a baya, giya ta biyu ce abokiyar tafiyata, wani wurin har ta ɗaya, ga tirela a gaba ba halin wucewa.

Ba laifin injin ba ne kaɗai. Inji da iska yake rayuwa, kuma iska tana raguwa in ana hawa sama. A bakin teku nauyinta psi 14.7 ne, a Jos kuwa, mai tsayin wajen mita 1,200, bai wuce 12.7 ba. Ke nan dokin nan 160 da ke takarda, kafin ka isa Bukuru ya koma wajen 140, a daidai wurin da ka fi bukatarsa.

Aikin sufacaja ke nan, cusa wa inji iska da ƙarfi. Zugazugin maƙeri ce aka ɗaura wa bel, kuma ba ba'a nake yi ba: irin wadda ake kira Roots, wasu 'yan uwa biyu ne a jihar Indiyana ta Amurka suka yi mata rajista a 1860, kuma hura wutar narka ƙarfe aka fara yi da ita tun kafin a san mota. Bambancinta da turbo shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi, ita kuwa karanshaf ne ke janta da bel, shi ya sa kana taɓa totur take amsawa, ba jira. In ta ƙara psi 6 a kan 14.7, iska ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari. Ba duka za ka gani a taya ba, don ita ma tana cin nata rabon daga ƙarfin injin, amma abin da ya rage ya isa ka hau Hawan Kibo a giya ta uku. Wannan mafarkin ne ya sa na fara tara kuɗi.

Abin da ya fara sanyaya min gwiwa shi ne fetur. Iska in an matse ta zafi take yi, kuma iska mai zafi da fetur mai rauni su ne ke sa mai ya fashe a cikin silinda kafin wutar fulogi ta gama aikinta. Ƙarar nan ce kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A inji na yau da kullum, sansa tana ji, kwamfutar injin da bakanikai ke kira birenbos ta ja taimin baya, ka rasa ɗan ƙarfi, shi ke nan. A inji mai sufacaja da ke jan tan guda a kan tudu, fashewar nan tana iya karya gefen fistin ko ta ƙone gaskit. To masu sayar da kayan nan a Amurka suna rubuta cewa sai fetur mai oktan 91 zuwa sama. Mutum zai ce ai namu ma wajen 90 zuwa 91 ne. A nan tarkon yake. Ma'auninsu daban ne da namu: 91 na Amurka ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, namu kuma a wajensu 87 ne, mafi araha a gidan mai. Kuma mu kala ɗaya ake sayar mana, ba zaɓi. Wannan ma a gidan mai na gari ke nan. Ranar da tanki ya yi ƙasa a ƙauye ka tsaya gun 'yan bumburutu, sai dai ka yi bismilla ka zuba.

Sai zafin gari. Ana iya sa na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga inji, amma da iskar waje take sanyayawa, kuma kowa ya san yadda iskar waje take a watan Afrilu, ma'auni ya haura 40.

Na kai maganar gun bakanikena, wanda ya fi shekara goma yana taɓa min mota. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Alhaji, ɗaurawa ba wuya, kwana biyu na gama. Amma wa zai yi magana da birenbos?” Na ce, “Oga, ai ana turo shirin ta intanet.” Ya ce shirin da aka rubuta da man wata ƙasa da yanayin wata ƙasa ne, in ya ƙi dacewa injina ne zai biya. Gaskiyarsa. Ƙarin iska yana son ƙarin mai daidai gwargwado, wato nozul masu faɗi, wani lokaci da famfon mai mai ƙarfi, da wanda zai zauna ya daidaita su yana kallon ma'auni. In mai ya gaza, wuta ta yi zafi fiye da kima, fistin ya narke. Sannan kulocin da aka yi wa doki 160 zai fara sulɓi. In bel ɗinta ya tsinke a hanyar Mangu kuma, ba irin wanda za ka aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ɗauko a teburi ba ne.

Wani abu da ya daɗe yana min tsaye a rai: ita kanta Toyota ta taɓa yin Hilux mai sufacaja. A 2008 sashenta na TRD ya fitar da ita a Ostareliya, ƙarfinta wajen doki 300. Amma a kan V6 mai lita 4.0 suka ɗora, ba su taɓa 2.7 ba, kuma a 2009 aka rufe shirin. Masu injiniyoyi da wuraren gwaji ke nan.

Kuɗin kuwa dubban daloli ne kafin jirgi da kwastan da aiki. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, kowace lita da motar nan ta sha daga ribar dankali take fita, kuma sufacaja ba ta zo don rage shan mai ba. Ba ta kuma ƙara ko buhu ɗaya a kan abin da sifirin zai ɗauka, birkin baya ma ganga ce kamar yadda yake. Wanda ya san Hawan Kibo ya san gangarowa ta fi hawa cin rai.

Abin da na yi dai ƙarami ne. Da manyan tayoyi na sayi motar, 265/70R17, mai ita na farko ya sa don ado. Na mayar da ita kan 205R16 irin na aiki. Tsayin tayar ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari, kuma ƙarfin ja a ƙasa ya ƙaru da kusan haka, don babbar taya tamkar ka ɗaga giya ce a kowane lokaci. Na canza fulogi da matatar iska, aka wanke lagireto. Motar ba ta zama wata aba ba, amma wuraren da nake komawa giya ta ɗaya yanzu ta biyu tana riƙewa.

Kuɗin da na tara suna nan, na karkatar da su wajen Hilux mai shan gas, mai turbo tun daga kamfani, ko da tsohuwar 2.5 D-4D ce. Ƙarfin janta yana zuwa tun inji bai yi ihu ba, kuma turbo yana rama mata yawancin abin da tudu ke ƙwacewa. Tsadar gas da lalurar nozul ɗinta na kan lissafi, shi ya sa nake jiran bayan girbi.

Wanda yake da V6, motar ba ita ce abincinsa ba, kuma yana da mai daidaita masa birenbos, ba zan ce masa kada ya ɗora ba, kukan nan da take yi ni ma yana burge ni. In akwai wanda ya ɗora a kan 2.7 a ƙasar nan, don Allah ya faɗa mana a ƙasa: psi nawa, wane mai yake sha, wa ya daidaita masa, kuma kilomita nawa ya yi da kaya a baya.