Baƙon Tsakar Dare

Zullumi ya shigo gidana a shekarar 2005. Fari da fara sun cinye amfanin gonar 2004, rumbuna suka bushe tun kafin bazara, tiyar hatsi ta gagari talaka daga Gabi har Maraɗi. Lokacin ina sabon malamin makaranta. Na ga ɗalibaina suna gyangyaɗi a aji don yunwa, na ga mata suna dafa tafasa ba ƙuli.

Yunwar ta wuce, amma ta bar mini baƙo. Shekara da shekaru, da zarar dare ya raba sai in farka ina lissafi: idan damina ta ƙi fa? Idan albashi ya makara? Idan yaro ya kwanta ciwo? Da rana ina koya wa yara jimlar sharaɗi a Faransanci da Hausa, da dare kuwa "idan" ta hana ni barci. Na rame, na zama mai saurin fushi, har ƴaƴana suka riƙa yin tsit in na shigo gida. Wannan shirun nasu ya fi kome yi mini zafi.

Wata rana na zayyana wa mahaifiyata damuwoyina ɗaya bayan ɗaya. Tana tsintar wake, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce: "Ɗana, a cikin waɗannan, wanne ke hannunka?" Na ƙidaya, biyu ne kacal. Ta ce: "To, yi biyun, sauran ka bar wa Mai su."

Tun daga ranar, bayan sallar isha'i nakan raba shafin takarda gida biyu. Abin da ke hannuna in rubuta shi dama, in aikata da safe; wanda ba ya hannuna in sa shi hagu, in yi addu'a, in rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne. Amma fa fafewa aikin hannu ne, shi kuwa zullumi ko gora ɗaya bai taɓa fafewa ba.

Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka yi tsada, baƙon ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Da kaka na sayi hatsi gwargwadon ƙarfina, na gyara rumbu, na kwanta. Har yanzu yakan leƙo jefi-jefi, sai dai na daina shimfiɗa masa tabarma. Yara kuma sun koma tarbo ni da gudu.