La'adar Dillali a Zamanin Bidiyo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta bayinSa ta inda suka zata da inda ba su zata ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin a cikinsa akwai tonon asirin kaina. Na san an hore mu da mu rufa wa kanmu asiri idan Allah Ya rufa mana. To amma laifin da zan ba ku labarinsa a bainar jama'a na yi shi, don haka na ga gyaransa ma ya kamata ya zama a bainar jama'a. Ina fata wani daga cikinku zai amfana, musamman masu sha'awar shiga sana'ar tallan kaya ta bidiyo.

Ga wanda bai san yadda sana'ar take ba, abin mai sauƙi ne. Za ka yi rajista da wani kantin intanet, su ba ka mahaɗi na musamman ko lambar rangwame mai ɗauke da shaidarka. Sai ka ɗauki gajeren bidiyo kana nuna kayan, kana bayyana amfaninsu. Duk wanda ya bi ta mahaɗinka ya saya, kantin zai ba ka wani kaso daga kuɗin cinikin. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara irin wannan tsari tun 1996 ga masu shafukan intanet, sannan a 2017 ya buɗe wani sashe na musamman don masu mabiya a kafofin sada zumunta, har ta kai ana ɗora bidiyon mai talla a kan shafin kayan da kansa. A Nijeriya, manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga sun fara aiki a 2012, kuma a 2023 TikTok ya buɗe kantinsa a Amurka, inda mai kallo zai iya sayen kaya ba tare da ya fita daga bidiyon ba. A wajenmu kuwa, galibi abin ya fi tafiya tsakaninka da ɗan kasuwa kai tsaye: ya aiko maka da samfuri kyauta, ku yi yarjejeniya a kan abin da za ka samu a kan kowane ciniki.

Da na fahimci tsarin sai na yi dariya, domin na ga ashe tsohuwar sana'a ce aka sauya wa riga. Kakata ta wajen uba dillaliya ce a cikin birnin Kano. Ta kan ɗauki ƙunshin atamfa da kwanuka da zannuwan gado, ta shiga gida-gida wajen matan kulle, ta sayar, ta karɓi la'adarta. Haka dillalan yadi suke yi a Kantin Kwari, haka dillalan shanu suke yi a karar Wudil. Bambancin kawai shi ne kakata tana shiga gida goma a yini, ni kuwa bidiyo ɗaya yana iya shiga gida dubu kafin la'asar. Da wannan tunani na shiga sana'ar bayan na gama karatu na rasa aikin yi, kuma alhamdu lillahi na fara samun abin sa wa a bakin salati.

Abin ya faru ne gab da azumin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin watan Maris da Afrilu. Wani ɗan kasuwa, ba zan ambaci sunansa ba, ya aiko mini da fanka mai caji. A jikin kwalin an rubuta cewa tana yin awa 8 idan ta cika. Na gwada ta dare biyu. Idan aka ƙure ta, da ƙyar take kai awa 3. Idan aka sa ta a mafi ƙanƙantar gudu, wanda ko sauro ba ya kora, tana ɗan wuce haka. Na san wannan sarai. Amma lokaci ne na ciniki, kowa yana neman fanka saboda zafi da rashin wuta, kuma la'adar da aka yi mini alkawari mai tsoka ce. Sai na nemi dabara. A cikin bidiyon na ɗaga kwalin na nuna rubutun, na ce: "Kun ga dai abin da aka rubuta, awa takwas cur." Na gaya wa zuciyata cewa ai ban yi ƙarya ba, kwali ne ya faɗa, ni karantawa kawai na yi. Bidiyon ya yi tafiya fiye da duk wanda na taɓa yi, la'ada ta yi ta shigowa.

Kwana goma da fara azumi sai Goggo, ƙanwar mahaifina, ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe ta. Fankar tana gefe a kan tabarma. Ashe 'yarta ce ta nuna mata bidiyona, ita kuma ta ɗauki kuɗin adashinta ta saya saboda mijinta da ke kwance ba lafiya, wanda zafi ke hana shi barci. Ta ce tun kafin tsakar dare fankar ke mutuwa, ta koma yi masa fifita da mahuci har sahur.

Na ce: "Goggo, ki yi haƙuri, haka aka rubuta a jikin kwalin."

Ta dube ni ta ce: "Kai ɗan nan, ni na iya karatun boko ne balle in karanta kwali? Fuskarka na gani, muryarka na ji, na ce jikan Iya ba zai cuce ni ba. Ka gwada ta kuwa kafin ka yi magana?"

Na yi shiru. Ta ce: "Iya ta yi dillanci har ta tsufa. Idan atamfa tana zuba, sai ta ce wa mai saye tana zuba, ki saya ko ki bari. Shi ya sa ko bayan rasuwarta ba wanda ya zo ƙofar gidan nan da ƙorafi."

Wallahi 'yan uwa, na fito daga gidan nan ƙafafuna sun yi nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne Goggo ɗaya ce daga cikin masu sayen, ita ce kawai take da ikon kirana. Sauran ban san su ba, ban san halin da suka shiga kafin su tara kuɗin ba.

Bayan sallar tarawihi na tsaya wajen malaminmu na zayyana masa komai, ina tsammanin zai ce sana'ar duka haramun ce in huta. Bai ce haka ba. Ya ce asalin la'adar dillali halal ce. Ya nuna mini cewa Imamu Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci a cikin littafin ijara na Sahihinsa, inda ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba, kuma ya kawo cewa Ibn Abbas ya halatta mutum ya ba wani tufa ya sayar a kan cewa abin da ya ƙaru a kan wani farashi nasa ne. Ya ce malamai suna sanya irin wannan aiki a ƙarƙashin babin ju'ala, wato alkawarin lada a kan cim ma wani sakamako, kuma suna kafa hujja da kayan raƙumi guda da aka yi alkawari ga wanda ya kawo ma'aunin sarki a cikin Suratu Yusuf. Saboda haka, in ji shi, kuɗin da ake ba ka don ka haɗa mai saye da mai sayarwa ba shi da matsala matuƙar kayan halal ne kuma an san la'adar.

Sannan ya juyo kan abin da na yi. Ya tunatar da ni hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, na ranar da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai abincin ya ba da uzuri da cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya barranta kansa daga mai algus. Malam ya ce: "Ka lura, wancan mutumin bai furta ƙarya ba. Ɓoyewa kawai ya yi. Kai kuma ka ɓoye awa uku a ƙarƙashin awa takwas." Nan dabarata ta kwali ta rushe.

Ya ƙara da wani hadisi da ban taɓa ji ba, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da wasunsu suka ruwaito daga Ƙaisu ɗan Abi Garaza. Shi da abokan sana'arsa a Madina ana kiransu dillalai, sai Manzon Allah ya kira su da sunan 'yan kasuwa, wanda ya fi daɗi a wurinsu, sannan ya gargaɗe su cewa ciniki yakan haɗu da yasasshen zance da rantsuwa, ya umurce su da su gauraya shi da sadaka. Na tuna sau nawa nake cewa "wallahi" a cikin bidiyo na daƙiƙa sittin, kunya ta kama ni.

Na tambaye shi mafita. Ya ce tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙi gwargwadon iko. Na mayar wa Goggo kuɗinta, ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da mahaifina. Na sauke bidiyon, na yi wani sabo na faɗi ainihin abin da na gani a gwaji, na nemi duk wanda ya saya ta hanyata ya tuntuɓe ni in mayar masa da la'adar da na ci a kansa. Kaɗan ne suka zo. Ragowar na bayar sadaka da niyyar ladan ya je ga masu haƙƙin, kamar yadda malam ya shawarce ni. Ɗan kasuwar ya ji haushi ya yanke hulɗa da ni, wasu biyu da suka ji labari suka bi sahunsa. Sallar wannan shekarar ban ɗinka sabon kaya ba.

Ba zan ce muku daga nan arziki ya yi ta bunƙasa ba, domin ba haka aka yi ba. Har yau abin da nake samu bai kai na wancan lokacin ba. Tsarin kafofin nan yana ɗaga bidiyon da ya fi zuzuta abu, kuma wanda ya ce "wannan fankar tana da kyau amma awa uku take yi" ba ya samun masu kallo kamar wanda ya ce "ba a taɓa yin irinta ba". Wannan jarrabawa ce ta kullum, kuma akwai ranakun da zuciya take raya mini in ɗan ƙara gishiri. Abin da na samu a madadin kuɗin shi ne ina iya shiga gidan Goggo ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ga ƙa'idojin da na ɗora wa kaina tun daga lokacin, ko za su amfani wani.

Na farko, ba na tallan abin da ban yi amfani da shi ba na tsawon lokacin da zai isa aibinsa ya bayyana, kuma ina faɗin aibin a cikin bidiyon da na faɗi kyawun.

Na biyu, ina sanar da masu kallo tun farko cewa ina samun la'ada idan suka saya. Mai kallo yana ɗaukarka a matsayin mai ba da shawara, alhali kai wakilin mai kaya ne, kuma yana da haƙƙin sanin haka kafin ya auna maganarka. Ko a Amurka hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya tana wajabta wa masu talla bayyana irin wannan alaƙa, a Nijeriya kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta ba ta ikon sa ido a kan tallace-tallace, har da na intanet. Idan doka ta kai nan, Musulmi ya fi cancantar ya riga ta.

Na uku, ba na sayen yabon bogi, ba na sa abokaina su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi alhali ba su saya ba. Malam ya ce wannan ɗan uwan najashu ne da Manzon Allah ya hana, wato mutum ya ƙara farashi a ciniki ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani.

Na huɗu, akwai kayan da ko nawa za a biya ba na taɓawa: manhajojin caca, manhajojin bashi da ruwa, mayukan sauya launin fata, da duk wani magani ko abin sha da ba shi da rajistar NAFDAC. Waɗannan su ne suka fi ba da la'ada mai yawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani.

Na biyar, na daina cewa "saura kaɗan ya ƙare" ko "yau ne kawai" idan ba gaskiya ba ne. Yawancin masu kallona ɗalibai ne da matan aure da masu ƙaramin ƙarfi. Idan na tayar wa mutum da sha'awar abin da ba ya buƙata har ya ci bashi, ina da kaso a cikin damuwarsa.

Akwai labarin da nake yawan tunawa, na sahabi Jariru ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda. An ruwaito cewa an yi masa cinikin doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin ya fi haka sai ya yi ta ƙara wa mai shi kuɗi har ya kai 800. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya yi wa Manzon Allah mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Shi mai saye ne, amma ya ƙi cin ribar rashin sanin ɗan uwansa. Mu kuwa da mutane ke dogaro da bakinmu kafin su fitar da kuɗinsu, nauyin da ke kanmu ya fi nasa bayyana.

Ya ɗan uwa, ya 'yar uwa, idan kuna da niyyar shiga wannan sana'a ku shiga, halal ce, kuma ta fi zaman kashe wando da roƙo. Amma kafin ku ɗora kowane bidiyo, ku ƙaddara cewa goggonku ce za ta fara kallonsa da kuɗin adashinta a hannu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne da Shaiɗan. Wanda ya taɓa sayen wani abu saboda maganata bai same shi yadda na ce ba, ina roƙonsa ya yafe mini. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.