Rumbun Kwamfutata Ya Mutu Da Takardun Jama'a A Ciki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana akawuna da masu kwamfuta a gida abin da ya same ni, ko wani ya ji ya gyara tun bai kai inda na kai ba.

Ni akawu ne a Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu. In na taso daga aiki, mutane su kan zo gidana in buga musu takardu, watau na cinikin gona, da na jingina, da lissafin ƙungiyar manoman unguwarmu. Shekara shida ina tara waɗannan cikin kwamfuta guda, tare da hotunan iyali da muryar mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wadda na ɗauka yana ba da tarihin gidanmu.

Ran nan da hunturu na kunna ta, sai na ji tana ƙas-ƙas kamar agogo, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe, na kunna, ya fi sau goma. Da na kai ta Gusau, mai gyara ya ce rumbun ajiyarta ne ya mutu. Ya ce cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi bisansa ba ya taɓa shi. In aka buge kwamfuta tana cikin aiki, ko rumbun ya tsufa, sai hannun ya karce faifan. Ashe duk kunnawar da na yi ta yi, ƙara ɓarna na ke yi. Ya ceto rabin hotuna, sauran kuwa sai haƙuri.

Kuɗin gyara bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne wani dattijo da ya zo bayan kwana kaɗan. Gara ta cinye takardar gonarsa, ga shi maƙwabcinsa ya ta da maganar iyaka. Ya ce, "Malam akawu, ai ka ce tana nan cikin injinka." Na ce, "Baba, injin ya mutu." Ya dube ni bai ce kome ba, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai da aka sake tara shaidu gaban mai unguwa, ɗaya daga cikinsu ma ya riga mu gidan gaskiya.

Laifin nawa ne, gama tun a makarantar Mishan an koya mana kada wasiƙa ta fita sai an bar kofinta cikin fayil. Malamanmu na dā ma sun san wannan. A 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, garin malamai, an yi yaƙi zamanin jihadi, har maganar littattafan da suka watse ta shiga wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suka yi wa juna. Littafin da ya kan tsira a irin wannan rana shi ne wanda almajiri ya riga ya kwafa da hannu ya tafi da shi garinsu.

To, ga shirin da na yi yanzu. Kowace takarda sai ta zama uku. Ɗaya tana cikin kwamfuta. Ta biyu tana cikin rumbu na waje mai terabait 1, wanda na ke kwafewa a ciki kowace Asabar, sa'an nan in zare shi in kulle a akwati, domin in yana manne, wutar da ta zo da ƙarfi ko ɓarawo sai su kwashe duka biyu. Ta uku tana wani rumbun a gidan ƙanena a Gusau, in na je ƙarshen wata sai mu yi musanya. Wannan ta ukun ita ce mutane ke rainawa, alhali kuwa gobara ba ta zaɓen ɗaki.

Wani abokina ya ce me ya sa ba zan zuba kome a intanet in huta ba, tun da Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta? Na zuba takardu can, ba na musu. Amma mu mutanen Zamfara ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya na jihar duka saboda tsaro, aka yi makonni ba mai isa ga abin da ya ajiye. Ɗan filas kuwa na kai saƙo ne, ba na ajiya ba, ya kan ɓata a aljihu. Takardun gona yanzu na kan buga biyu, ɗaya ga mai ita, ɗaya cikin akwatin ƙarfe. Kuma lokaci lokaci na kan buɗe kofin in karanta, kada in zauna ina gadin rumbu wofi.

Muryar mahaifina ba ta dawo ba. Na bi 'yan'uwa ina tambaya, sai a wayar yayata da ke aure a Tsafe na sami ɗan guntu, bai kai minti biyu ba, yana yi wa jikoki faɗa a kan tumaki. Daren nan na kwafe shi wuri uku.

Wassalam.

Naka,
Akawu, Rawayya.