Farashin Kwana: Daga Otal a Legas Zuwa Limancin Kona

Akwai wani irin hutu da ya samu karɓuwa a manyan birane, wanda mutanen da za su ɗauka ɓarnar dukiya ce. Mutum yana da gida a gari, da gadonsa da tukunyarsa, amma ya kulle ƙofa ya tafi otal a cikin garin nan, ya kama ɗaki na kwana biyu ko uku. Al'adar ta yi ƙarfi a Amurka lokacin karayar tattalin arziki ta 2008, sa'ad da tafiya mai nisa ta gagari aljihun mutane da yawa, ta kuma ƙara yaɗuwa a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki. A Legas kuwa tana da dalili na musamman. Wanda yake zaune a Agege ko Ogba yana aiki a tsibirin Victoria yakan bar gida da asuba, ya bi gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Irin wannan mutum idan ya biya kuɗin otal, sa'o'in da hanya take cinye masa yake saya.

Wata ma'aikaciyar banki, haifaffiyar Limancin Kona a cikin birnin Zariya, ta yi irin wannan hutu bayan ta shekara goma sha ɗaya a Legas. Ta zaɓi ƙarshen Oktoba, makon da ake nunin tufafin zamani, domin ta daɗe tana son gani da idonta, kuma ana tashi daga nunin da dare, lokacin da komawa gida yake zama wata tafiyar daban. Mijinta ya yarda, ta tafi tare da ƙanwarta. Ga mutanen gida a Zariya kuwa cewa kawai ta yi ta ɗauki hutu, don a unguwar da ta tashi mace ba ta kwana a otal alhali tana da ɗakinta a gari, kuma bayanin zai fi hutun tsawo.

Makon nunin tufafi kasuwa ce da aka yi wa kwalliya. Asalinsa yana komawa New York a 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar Paris, sai Eleanor Lambert ta tara 'yan jarida don su ga aikin masu tsara tufafi na Amurka. Daga baya Landan da Milan da Paris suka tsayar da nasu makonni. Na Legas ya fara a 2011 a hannun Omoyemi Akerele, kuma an sha yin sa a harabar otal ɗin Federal Palace, wanda aka buɗe a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Mai tsara tufafi yana samun 'yan mintoci ne kawai: samari da 'yan mata su sa kayansa su ratsa dogon dandamali, masu saye da masu ɗaukar hoto suna zaune a gefe biyu. Abin da ya ɗaga darajar makon Legas a idon duniya shi ne aikin hannu na gida, wato adire na Abekuta, da akwete na ƙasar Ibo, da aso-oke wanda Kenneth Ize ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH da shi a 2019.

Otal ɗin da ta sauka yana kusa da wurin, kuma a makon ya cika da mutanen sana'ar. Ana shiga da riguna a rataye cikin leda, wani tela yana durƙushe a lungu yana gyara bakin siket da allura a baki, masu kwalliya suna hawa da sauka da akwatunansu. Ita kuwa ta sami abin da ta zo nema. Ta yi sallar asuba ta koma barci, abin da ta manta rabonta da shi a ranar aiki. Ta ga hantsi ya fito a kan ruwa tana riƙe da kofin shayi. Sai dai idon ma'aikacin banki ba ya hutu, ta lura cewa babu abin da ba a yanka wa farashi ba a gidan: kwana da kuɗinsa, wankin riga ɗaya da kuɗinsa, har jinkirin fita daga ɗaki bayan azahar yana da nasa.

A dare na biyu, wata mai tsara tufafi ta fito da doguwar rigar mata mai buɗaɗɗen gaba. A ƙirjinta akwai askake takwas masu tsini suna sauka daga wuya zuwa aljihu, da tambari mai zagaye, da gidan biyar. Jama'a suka ɗaga wayoyi. Ita ba ta ɗauki hoto ba, domin zanen da ta tashi tana gani a cinyar gwaggonta ne yake wucewa a gabanta. Washegari ta je rumfar da ake baje kayan, ta juya rigar ta duba bayan ɗinkin. Keke yana jera zare daidai wa daida, hannu kuwa yana barin alamarsa, inda zare ya ƙare aka ƙulla sabo, da inda mai ɗinki ta gaji ɗinkin ya ɗan saki. Wannan aikin hannu ne. Takardar da ke rataye ta ce an yi shi a Arewacin Nijeriya, ba gari ba unguwa. Yarinyar da ke tsaron rumfar ta ce ta hannun wani mai kawo musu kaya ake bayar da aikin. Farashin rigar ya haura kuɗin kwanakinta uku a otal.

Don a gane abin da ya tsaya mata a rai, sai an san yadda ake yin babbar riga a birnin Zariya. Riga ɗaya takan ratsa hannaye da yawa: mai sayen yadi, da telan da zai yanka ya haɗa, da mai zane da zai fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, da mai ɗinki, da masu wanki da bugu waɗanda suke dukan rigar a kan gungume har ta yi sheƙi, sannan dillalin da zai kai ta kasuwa. A da, zane da ɗinki aikin maza ne, kuma suna tafiya tare da karatu. Hannun da ya saba da alƙalami da tawada shi yake iya fitar da zane, almajiri kuma yana ɗinki yana ciyar da kansa ba tare da ya bar gaban malaminsa ba. Limancin Kona, wadda ta samo sunanta daga Limamin Kona, tana cikin unguwannin da aka san Zariya da su wajen karatun zaure, kuma a irin waɗannan zauruka littafi da allura suka daɗe suna maƙwabtaka. Ana ɗinkin da zaren tsamiya na gida, da alharini wanda fatake suke kawowa ta Sahara. Darajar aikin ta kai David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana nazarinsa, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Daga wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 abin ya sauya. Maza da yawa suka koma keken aiki, ko boko da aikin albashi, sai matan aure na cikin gida suka karɓi allurar, domin sana'a ce da ake yi ba tare da an fita ba. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiyar masu ɗinki mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina. A gefe guda kuma masaƙun Kaduna suna mutuwa: Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi baya a 2007. Yadi ya zama na waje, zare ya zama na waje, abin da ya rage na gida shi ne hannu da lokaci. Gwaggon wannan mata tana cikin waɗanda suka shiga sana'ar tun tana amarya, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, yanzu kuma sai jika ta zura mata zare a allura.

Da la'asar ta kira ta daga ɗakin otal. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ba ta labarin rigar da farashinta.

"Gwaggo, kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Ko sunan mai aikin ba su rubuta ba."

Tsohuwar ta yi dariya. "'Yar nan, sunana ya yi me a wuyan rigar wata? Matar aure ce ni. Ko malam yana raye ba zai yarda ba, ni ma ba na so."

"To me kike so, Gwaggo?"

"A biya ni ranar da na gama. A daina kawo aiki saura sati biyu Sallah a ce da gaggawa. Zaren kuma a kawo mai kyau, kada a zo ana cewa ni na ɓata."

"Rigar aska takwas kwana nawa take ɗaukar ki?"

"Wa yake ƙirgawa? Idan ta ƙare ta ƙare."

Wannan amsa ta ƙarshe ita ce ta riƙe ta har dare. A Paris ana ƙirgawa. Gidan ɗinkin ado na Lesage, wanda ya fara da wannan suna a 1924, Chanel kuma ta saye shi a 2002 don kada sana'ar ta mutu, yana lissafa aikinsa da sa'o'i, kuma yawan sa'o'in yana cikin abin da ake gaya wa mai saye don ya gane dalilin tsada. A birnin Zariya ana yanka ladan ɗinki a kan riga ɗungurungum. Mai ɗinki tana yi ne tsakanin girki da raino da salloli, sa'a ɗaya da hantsi, biyu bayan azahar, kaɗan da dare a gaban fitila, don haka lokacin yana narkewa cikin hidimar gida, babu wanda ya gan shi balle ya biya shi. Wanda bai san kwanakin da ya kashe ba, ba shi da abin da zai kafa hujja da shi ranar ciniki.

Batun suna kuwa ya fi yadda ta zata zurfi. Zariya ta iya riƙe sunan gwani: maginin da ya gina babban masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, har yau da laƙabinsa na Babban Gwani ake kiran unguwa guda. Amma wannan suna ne na namiji mai aiki a fili. Ga matar da take cikin gida, sakaya suna mutunci ne, kuma wanda ya zo daga Legas da niyyar buga hotonta a intanet don ya taimake ta yana iya jawo mata maganar da za ta fi ƙarancin lada ciwo. Dillalin ma ba a yar da shi da sauƙi. Da ta ce za ta haɗa gwaggon da masu saye kai tsaye, tsohuwar ta ƙi. Shi yake kawo yadi har zaure, shi yake ba da rance idan yaro ya kwanta, kuma idan riga ta ƙi sayuwa a kansa take kwana. Masu nunin tufafi suna zuwa sau ɗaya a shekara, shi kuwa ya shekara ashirin yana sallama a ƙofar gidan.

Saboda haka abin da ta yi ƙarami ne. Kafin ta bar otal ta rubuta wa mai rigar saƙo, ta gabatar da kanta a matsayin 'yar birnin Zariya, ta ba da shawara uku: a riƙa ba da rabin lada tun farkon aiki, a ba da aikin watanni kafin nuni, a kuma rubuta sunan garin a takardar riga ko da ba a rubuta na mutum ba. Sannan ta biya kuɗin ɗakinta, ta karɓi rasit mai jere da kowane kwana da abin da ya ci. Da ta je gida hutun ƙarshen shekara, ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ta ba jikar da take zura zare, ta ce duk ranar da Gwaggo ta ɗauki allura ta ja layi ɗaya.

Tsohuwar ta ɗauki abin wasan yara, har ta riƙa tsokanar jikar da cewa an naɗa mata akawu. Rigar farko da aka ƙirga, aska takwas ce a kan farar shadda, ta cinye layi 74. Ranar da dillali ya zo karɓa, yarinyar ta fita zaure da rigar a hannu ɗaya, littafin a ɗaya, ta ce Gwaggo tana gaisuwa, ta ce kuma a duba wannan shafi kafin a yi maganar kuɗi. Ya daɗe yana kallon layukan, yana bin su da yatsa. Bai biya abin da aka nema duka ba, amma ya ƙara a kan na da, kuma a ranar ya biya. Labarin ya zaga gidajen maƙwabta, kafin azumi mata uku a layin sun aika an sayo musu nasu littafin.